Yadda ake shirya rezimen bincike a aika wa taron masu anastazi, daga Tawa ko Yamai

Duk shekara ƙungiyoyin masu anastazi (sa barci ko kashe zafi lokacin tiyata) da reya (jinyar masu matsanancin ciwo) sukan kira taro, kuma watanni kafin ranar sukan buɗe ƙofar karɓar rezime, wato taƙaitaccen bayanin binciken da mutum yake son gabatarwa. Galibi kalmomi 250 zuwa 400 ne, ko shafi guda bai cika ba. A kan wannan ɗan rubutun ne alƙalai biyu ko uku, waɗanda ba su taɓa taka bulok ɗinka, wato ɗakin tiyata, ba, za su yanke hukunci ko a ba ka magana, ko a ba ka fosta, wato babbar takardar da ake kafewa a nuna aikin, ko a ce maka sai baɗi.

Mu a Nijar ba abin faɗa muka rasa ba. Mai aiki a babban asibitin jihar Tawa, ko cibiyar uwa da yaro, ko Maternite Issaka Gazobi, ko Asibitin Ƙasa na Yamai, yana ganin fashewar mahaifa da jijjigar masu ciki da hujewar hanji ta taifot a wata guda fiye da yadda takwaransa na Turai zai gani a shekaru. Matsalar ita ce abin yana ƙarewa cikin rajista, rajistar ta cika a ɗaure ta a jefa kabad. Na rubuta wannan ne don ƙannenmu likitoci masu karatun ƙwarewa, da likitocin jiha, da teknisiyen na anastazi, waɗanda su ne ke riƙe da yawancin bulok na ƙasar nan.

Mataki na farko: zaɓi taro, ka karanta dokokinsa

Mafi kusa da mu shi ne taron SARAF, ƙungiyar masu anastazi da reya ta ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, wadda a da ake kira SARANF. Taronta yana zagaya ƙasashe, da Faransanci ake rubutu, kuma alƙalanta sun san abin da kake nufi in ka ce kwalbar oksijin ta ƙare ana tsakar aiki. Wanda bai taɓa aikawa ba, nan ya fi dacewa ya fara. Akwai kuma taron SFAR ta Faransa da ake yi a Faris a watan Satumba. Masu buƙatar Ingilishi su ne Euroanaesthesia na ƙungiyar Turai, da na ƙungiyar ASA ta Amurka a watan Oktoba, da babban taron duniya na WFSA, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu anastazi ta duniya, wanda Singafo ta karɓa a 2024, na 2026 kuma aka ba Marakesh ta Maroko.

Da ka zaɓa, buɗe shafin taron ka nemo dokokin aikawa, ka buga su a takarda, ka bi su layi-layi da biro. Abin da kake nema: ranar rufewa da sa'arta, iyakar tsawo, kuma da kalmomi ake ƙirga ko da haruffa, in da haruffa ne har da gurbin da ke tsakanin kalmomi ko ban da shi, ko an yarda da tebur ko hoto guda, ko suna karɓar labarin majinyaci guda, ko an hana aikin da aka riga aka buga a mujalla, ko an hana ambaton sunan asibiti a cikin rubutun don kada alƙalai su gane mai shi. Kowane taro da nasa, kuma na bana kan sha bamban da na bara.

Sai hattara da wasiƙun da ke faɗowa akwatin imel suna kambama ka, suna gayyatarka wani taro a Dubai ko Roma, su ce an karɓi aikinka cikin kwana biyu, saura kuɗi. Taron da ba wata sananniyar ƙungiyar likitoci a bayansa, ka bar shi inda ka gan shi.

Mataki na biyu: tambaya guda

Rezimen da ya fi yawa daga yankinmu, kuma ya fi faɗuwa, shi ne mai cewa ga yadda aikin anastazi ya gudana a asibiti kaza cikin shekara kaza: maza nawa, mata nawa, matsakaicin shekaru, rashi (allurar gadon baya mai kashe rabin jiki na ƙasa) nawa, anastazin gaba ɗaya nawa. Wannan rahoton shekara ne, daraktan asibiti yake amfana. Alƙali yana neman tambayar da za a iya amsawa da lamba.

Gwada faɗin tambayarka da baki, cikin jimla guda, ga abokin gadinka. Cikin matan da aka yi wa sezariyen da rashi, kashi nawa ne tansiyonsu ya faɗi, kuma su wane ne ya fi faɗar wa? Awa nawa ke shiga tsakanin yanke shawarar buɗe cikin yaro mai hujewar hanji da sa wuƙa, kuma jinkirin yana tafiya da mutuwa? Mutum nawa ne suka rasu cikin awa 24 bayan anastazi, cikin nawa? In abokin naka ya ce sake faɗa, tambayar ba ta nuna ba tukuna.

Kada ka raina irin waɗannan tambayoyin. Hukumar mujallar Lancet kan tiyata a duniya, a rahotonta na 2015, ta sa yawan mace-macen da ke biyo bayan tiyata cikin ma'aunai shida da take son kowace ƙasa ta riƙa bayarwa. Binciken ASOS kan sakamakon tiyata a Afirka, da aka buga a 2018, wanda ya haɗa majinyata 11,422 daga asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, ya nuna cewa majinyatanmu sun fi ƙuruciya, ba su da tarin cututtuka, amma haɗarin mutuwarsu bayan aiki ya ninka na duniya sau biyu. Wannan binciken na mako guda ne a kowane asibiti. Mai bin bulok guda shekara cikakkiya yana da abin ƙarawa a kai.

In abin da ke hannunka labarin majinyaci guda ne, to ya zama akwai darasi a ciki: yaron da cutar noma, mai cinye naman fuska, ta rufe wa baki da yadda aka samu hanyar iska ba tare da kyamarar maƙogwaro ba, misali. Abin mamaki kawai ba ya isa.

Mataki na uku: izini

Kafin ka buɗe rajista ko guda, nemi izinin shugaban sarbis da na hukumar asibiti a rubuce. Binciken da za a bi majinyata daga yau zuwa gaba, balle wanda za a canza musu magani ko dabara, yana buƙatar amincewar kwamitin ɗa'a. A Nijar akwai na ƙasa mai kula da binciken lafiya a ƙarƙashin ma'aikatar kiwon lafiya a Yamai. Manyan tarurruka sukan tambayi sunan kwamitin da lambar takardar, kuma wani shafin ba zai bar ka ka wuce ba sai ka cike gurbin. Ba a samun wannan takardar a mako guda, don haka wanda ke Tawa ya nemi wani a Yamai da zai riƙa bin masa sawun dosiyen. Gwajin da ke raba majinyata rukuni biyu da ƙuri'a ana yi masa rajista kafin a shigar da mutum na farko, kuma akwai rajistar Afirka ta PACTR, kyauta.

Labarin majinyaci guda yana buƙatar yardar mai shi ko ta waliyyinsa, a yi masa bayani da harshen da yake ji, Hausa ko Tamashek ko Fulatanci ko Zabarmanci, ya sa hannu ko yatsa. Rufe idanu da baƙin layi a hoto ba ya maye gurbin wannan yardar.

Mataki na huɗu: tattara bayanai

Nan ne ake cin rezime ko a faɗi, tun kafin a rubuta kalma guda, saboda haka zan daɗe a nan.

Fara da ma'anar kowane abu, a rubuce, kafin ka duba takardar majinyaci ta farko. Mene ne faɗuwar tansiyo a wurinka? Lambar sama ta sauka ƙasa da 90, ko ta ragu da fiye da kashi 20 cikin 100 na abin da aka auna kafin allura? Dukansu ana amfani da su, amma ba za su ba ka adadi guda ba, kuma in ka zaɓa bayan ka ga sakamako, zuciyarka za ta ja ka ga wadda ta fi daɗin faɗa. Haka mutuwa: a kan tebur, cikin awa 24, kafin sallama, ko cikin kwana 30? Haka jinkiri: daga isowa ƙofar asibiti ake ƙirga, ko daga lokacin da likitan fiɗa ya ce a shiga?

Sannan ka yanke ko baya za ka duba ko gaba. Duba baya ya fi sauri, sai dai abin da aka rubuta kawai za ka samu. Ɗauki takardun anastazi 20 ba zaɓe ka gani: nawa ne ke da nauyin majinyaci, nawa ke da matakin ASA (ma'aunin lafiyar majinyaci kafin aiki), nawa aka rubuta tansiyo kowane minti biyar, nawa aka cike bayan an gama aiki da lambobi masu kyan gani? In rabin takardun ba su da abin da tambayarka ke buƙata, kada ka matsa. Shirya ƴar takarda mai shafi guda, ka bi majinyata na wata uku ko shida masu zuwa, ka nufi taron baɗi. A ganina wata uku na bayanan da aka cika da kyau sun fi shekara biyar masu ramuka.

Rajistar bulok kaɗai ba ta isa. Ita tana gaya maka an yi aiki, ba ta gaya maka abin da ya faru daren ba. Dole ka haɗa ta da rajistar ɗakin farfaɗowa, da ta reya, da ta sarbis ɗin da aka kwantar da mutum, don matar da ta fita bulok lafiya ta rasu da asuba a maternite ba za ta bayyana a littafinka ba. Majoro, wato shugaban ma'aikatan jinya na kowane sarbis, shi ne ya san inda tsofaffin rajistoci suke, kuma gaisuwa ta fi takardar izini saurin buɗe kabad.

Akwai abubuwan da suka shafi wurinmu. Majinyatan Tawa suna zuwa daga Abalak, Cintabaraden, Keita, Buza, Illela, kuma da an sallame su sai su koma, wasu inda ba rezo. In za ka bi su zuwa kwana 30, karɓi lambar waya biyu tun ranar shiga, ta mai jinya da ta wani ɗan'uwa mazaunin gari, sannan ka faɗi a rezimen nawa ne ba a same su ba. In ba za ka iya ba, tsaya a ranar sallama, ka ce haka ka yi. Shekaru ma akwai magana: mutane da yawa kintace suke, shi ya sa za ka ga 20 da 25 da 30 sun cika rajista, don haka raba su rukuni-rukuni ya fi aminci. Lokacin shekara kuma yana da tasiri. Yaran da aka yi wa aiki a Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya shanye musu jini, ba ɗaya suke da na Fabrairu ba. In bincikenka bai cika wata 12 ba, faɗi watannin.

Wajen shigarwa a kwamfuta, layi guda majinyaci guda, ginshiƙi guda abu guda. Kada ka rubuta «efedirin sau biyu, amai kaɗan» a gida guda. Efedirin, maganin ɗaga tansiyo, da ginshiƙinsa, amai da nasa. Inda ba a sani ba a bar gurbin fayau, kada a sa sifili, don sifili amsa ce. Excel ya wadatar, Epi Info kyauta ne, KoboToolbox kuma yana aiki a waya ko ba intanet, ya tura in rezo ya dawo. Sunaye ba sa shiga fayil ɗin: kowane majinyaci lamba, takardar da ta haɗa lamba da suna a kulle a wani wuri. Ajiye kwafi a wuri biyu duk ranar da ka ƙara wani abu.

Mataki na biyar: lissafi

Kowane kashi cikin 100 ya zo da adadinsa da jimillar da aka ciro shi. «Kashi 25 sun rasu» na iya zama 3 cikin 12, na iya zama 300 cikin 1,200, kuma alƙali yana son sanin wanne. Ga abin da ke da ƴan lambobi masu tsalle, irin awoyin jinkiri ko kwanakin jinya, matsakaicin da ake samu da tarawa da rabawa yana ruɗi, don mutum guda da ya yi wata biyu a gado zai ja kowa sama. Ba da lambar da ke tsakiyar jeri, da iyakokin rabin da ke kewaye da ita. In ka kwatanta rukuni biyu, faɗi girman bambancin da tazarar amincewa ta kashi 95, kada ka tsaya ga p kaɗai, lambar da ke auna ko sa'a kawai za ta iya kawo irin wannan bambancin.

In ba a samu matsala ko guda ba, kada ka ce dabarar ba ta da haɗari. Akwai ƙa'ida mai sauƙi: raba 3 da yawan majinyatanka, abin da ya fito shi ne iyakar haɗarin da bincikenka bai kore ba. Mutum 30 ba matsala, har yanzu haɗarin na iya kai 1 cikin 10.

Tarkon da ya fi kama mu shi ne wannan. Za ka ƙirga ka ga matan da aka yi wa sezariyen da anastazin gaba ɗaya sun fi na rashi mutuwa, sai ka rubuta cewa anastazin gaba ɗaya ke kisa. To wa muke sa wa ketamin da tiyon numfashi, wato anastazin gaba ɗaya? Wadda ta zo jini ya ƙare, wadda mahaifarta ta fashe tun a hanya, wadda ke jijjiga. Ciwon ne ya zaɓa mata anastazin. Ko dai ka kwatanta masu tsananin ciwo iri guda, ko ka nemi masanin lissafin lafiya ya daidaita maka, ko ka rubuta cewa abubuwan biyu sun zo tare, ka tsaya nan. Masana irin wannan lissafin akwai su a sashen kimiyyar lafiya na Jami'ar Abdu Mumuni da ofisoshin ƙididdiga na jihohi, kuma gara ka je musu tun kana zana takardar tattarawa.

Mataki na shida: rubutun kansa

Rezime yana jere ne da take, gabatarwa, hanyar aiki, sakamako da kammalawa, amma wajen rubutawa fara da sakamako, don shi ne ya cancanci kusan rabin kalmominka. Jimlar farko ta ce mutum nawa aka samu, nawa aka cire, don me. Ta biyu ta siffanta su a gurguje. Ta uku ta amsa tambayar. Sauran su biyo bisa muhimmanci. Kada ka rubuta cewa za a gabatar da sakamako a wurin taro, yawancin alƙalai nan take suke ajiye irin wannan.

Sai hanyar aiki: wane irin bincike, a ina, daga yaushe zuwa yaushe, wa aka shigar, wa aka bari, mene ne babban abin aunawa da ma'anarsa, wane lissafi, wane izini. Siffanta asibitin a rabin layi, ko da an hana suna: asibitin jiha mai karɓar turowa daga gundumomi, ɗakin aiki kaza, teknisiyen ke ba da anastazi. Mai karatu a Liyon ta Faransa bai san wannan ba, kuma da shi zai fahimci lambobinka. Magunguna da sunansu na asali da adadinsu, bupibakayin mai nauyi ta kashi 0.5, miligiram kaza, ban da sunan kamfani.

Gabatarwa jimla biyu ko uku ce: abin da aka sani, abin da ba a sani ba a irin wurinmu, da manufarka. Masu anastazi kake wa magana, ba sai ka gaya musu mene ne rashi ba. Kammalawa jimla ɗaya ko biyu, ta amsa manufar da kalmominta, ba ta wuce abin da lambobin suka ce ba. Kiran a ƙara kayan aiki da horar da ma'aikata gaskiya ne, amma kowa na rubuta shi, kuma in ba shi ka auna ba yana cin wuri a banza. Take shi ne na ƙarshe: ya ƙunshi su wa, mene ne, a ina, ba gajarce-gajarcen haruffa.

Akwai jagororin dubawa kyauta a intanet, STROBE na binciken lura, CONSORT na gwaji, CARE na labarin majinyaci guda. Bi wanda ya dace da kai ka ga abin da ka tsallake. Daga nan tara lambobinka da hannu: in rukunoni uku ba su haɗu sun ba da jimillar da ka faɗa a sama ba, alƙali zai gani, kuma daga nan ba ya ƙara yarda da sauran.

Wanda zai aika da Ingilishi ya gama rubutun da Faransanci tukuna, ya juya, sannan ya ba likitan da ke aiki da Ingilishi ya duba. Abokan aikinmu na Sakkwato da Kano ba su da nisa a WhatsApp. Na'urorin fassara suna taimakawa, amma sukan yi tuntuɓe a sunayen sassan asibiti da na dabaru, don haka duba yadda mujallun Ingilishi ke kiransu. Waƙafin da Faransanci ke sawa a 2,5 ɗigo ne a Ingilishi. Wasu tarurrukan yanzu suna son a faɗi in an yi amfani da irin ChatGPT, kuma ko ba su tambaya ba, fayil mai bayanan majinyata ba ya shiga can.

Mataki na bakwai: sunayen marubuta

A zauna a kan wannan tun farkon aiki. Ƙa'idar editocin mujallun likitanci ita ce marubuci shi ne wanda ya sa hannu sosai a tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya shiga rubutun ko gyaransa, ya amince da kwafin ƙarshe, ya kuma yarda ya ɗauki alhakinsa. Na farko wanda ya ja aikin, na ƙarshe galibi malamin da ya kula da shi. Teknisiyen ɗin da ta cike takardu cikin gadin dare wata shida ta cancanci a ba ta rubutun ta karanta, sunanta ya shiga. Malaminka kuma kada ya fara ganin sunansa a littafin taro. Kai masa da kanka ka ce, «Furofesa, ga abin da muke son aikawa, a duba mana», ka ba shi mako biyu. Ga masu neman ƙarin girma ta hanyar CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'o'in Afirka masu aiki da Faransanci, jerin sunayen nan yana shiga dosiye, shi ya sa rigimarsa ke daɗewa.

Kowa ya rubuta sunansa da siga guda a duk aikinsa. Mu da sunan mutum da na uba da na kaka ke canza wuri daga takarda zuwa takarda, lambar ORCID ta shaidar mai bincike, wadda kyauta ce, tana hana aikin mutum guda ya rabu gida uku.

Mataki na takwas: aikawa

Buɗe akawun a shafin tun ranar da aka buɗe ƙofa, ka leƙa guraben da za a cike, don wani lokaci suna tambayar abin da dokokin ba su ambata ba: imel na kowane marubuci, bayanin ko wani kamfani ya ba da kuɗi, rukunin da aikin ya faɗa. Rubutun ya kasance a shirye a fayil, ka kwafa sashe-sashe. Bayan kwafewa duba alamomi irin ± da ≥ da µ, sukan rikiɗe. Ƙirgar shafin ita ce hukunci, ba ta Word ba.

Sa wa kanka ranar rufewa kwana uku kafin ta gaskiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Daren ƙarshe shafin kan cushe, ga ɗaukewar wuta lokacin zafi, ga gaggawar da ke iya shigowa ƙarfe goma. Lura da agogo kuma: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Faris tana gabanmu da awa guda, wato sha biyun darensu sha ɗayanmu ne. Ajiyewa daban, aikawa daban; sai ka danna maɓallin ƙarshe, wasiƙar tabbatarwa mai lamba ta shigo, sannan ka aika. In ba ka gan ta ba duba akwatin tarkace.

Bayan amsa ta zo

Karɓa tana zuwa da sharaɗi: mai gabatarwa ya yi rajista ya biya kafin rana kaza, in ba haka ba a cire aikin daga littafin taro. Saboda haka neman kuɗi yana farawa ne tun ranar aikawa. Tarurruka da dama suna rage kuɗin rajista ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, WFSA kuma takan ba matasa burs, wato tallafin kuɗi, na halartar taronta na duniya, amma neman burs ɗin yana da tasa ranar rufewa. Biyan kan buƙaci katin banki mai aiki a intanet. Yuro guda sefa 655.957 ne, sai ka ƙara ladan banki. Duba fasfo ko yana da sauran wata shida, da katin rigakafin shawara, da takardar izinin barin aiki, da wanda zai riƙe maka gadi. Mai nufin Faransa ya tuna an rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon 2024, don haka ya bincika inda zai ajiye takardun biza tun da wuri. In tafiyar ta gagara, yawancin tarurruka suna yarda wani daga cikin marubutan ya gabatar, muddin an sanar da su.

Fosta ta takarda galibi girman A0 ce, santimita 84 da 119, amma tambayi ko a tsaye ko a kwance. Tarurruka da yawa sun koma nuna ta a allon lantarki, fayil kawai ake turawa. Magana kuwa mintuna kaɗan ce, sau da yawa ƙasa da goma. Gwada ta gaban ma'aikatan sarbis da agogo a hannu, ka roƙe su su yi maka tambayoyin da ba ka so.

In an ƙi, wasu tarurrukan suna turo dalilan alƙalai, wasu sai ka roƙa. Gyara ka aika wa na gaba. An karɓa ko an ƙi, fayil ɗin yana nan, kuma fitowar rezime a littafin taro ba ta hana buga cikakken aikin a mujalla, illa ka gaya wa edita an taɓa gabatar da shi a taro kaza. RAMUR, mujallar SARAF, tana karɓar Faransanci, haka ma Pan African Medical Journal, sai dai ka duba kuɗin bugawa da yiwuwar rangwame kafin ka tura.